Mai Kushin da Jar Motar Likita

Tsaya, Malam Isiyaku, ajiye sufanar nan tukuna. Jiya-jiya ka jawo tsohuwar motar nan gida, yau har ka fara zancen kalar fenti. Zauna in ba ka misalin wani mai ɗinkin kushin, in ka ji sai ka yi yadda ka ga dama.

Mutumin nan gwani ne a sana'arsa, in ya ɗinka kujera sai ka ji nauyin zama a kanta. Sai dai Allah ya yi shi da rashin zama wuri ɗaya, ko shayi ba ya bari ya huce. Tun yana yaro akwai wata jar motar tsere a unguwarsu, mai ƙofa biyu da rufin tamfol, ta wani likita. Shi ba jan ne ya tafi da hankalinsa ba, ƙarar ce. In likita ya taka totur a kan kwana, wani gurnani take yi mai kauri, ka ji shi a ƙirji kafin ya iso kunne. Yaro ya girma, ya yi iyali, furfura ta fara leƙowa, gurnanin nan bai bar kansa ba. Likita kuwa ya tsufa, idonsa ya mutu, ya daina tuƙi, amma duk Juma'a sai ya lalubo makulli ya tayar da ita ta ɗumama. Mai kushin ya yi ta sintiri gidan har tsoho ya gaji ya bar masa ita. Da zai miƙa makulli ya ce, "Jikinta ya tsufa, amma injin lafiya lau yake, kuma babu irinsa a ƙasar nan. Ka riƙa tayar da ita ko ba za ka je ko'ina ba. Ranar da ka gama gyara, ka zo ka zaga gari da ni."

Da ƙafarta ta zo gidansa, tana gurnani, ransa fari tas. To amma idon mai kushin ba ya ganin komai sai yagaggiyar kujera. Ko kwana ba ta yi ba ya kwance kujerun. Da ya sayo sabuwar fata ya kara a jikin rufi, sai ya ga rufin ya zama tsumma, ya yaye shi. Da rufi ya tafi, rana ta haska fentin da ya koɗe, abin ya tsaya masa a rai, ya cire ƙofofi da bonet ya kai wa mai fenti. Bonet na tashi ya hango kafireta, mai shayar da inji fetur, ta yi baƙi ƙirin, ya ce ai wannan ba ta dace da sabuwar mota ba, ya kwance ta ya jefa a bokiti da niyyar wankewa, ya cusa tsumma a ramin da ta bari. Juma'a ta zo. Yaya za a tayar da motar da ba kujera, ba kafireta? Ya ce sai Juma'a mai zuwa. Haka Juma'o'i suka yi ta wucewa, shi kuma yana can yana zirga-zirga, yau fatar ba ta yi laushi ba, gobe zaren bai hau da launin ba, ya ɗinka ya farke, ya farke ya ɗinka. Ko a kan tabarmar cin abinci tunanin ɗinki yake. Damina ta sauka motar na tsakar gida tsirara. Ya lulluɓa mata wata tsohuwar leda, iska ta ɗage ta, ruwa ya jiƙa tsumman nan yana ɗiga cikin inji, shi ko leƙawa bai yi ba.

Da kaka ta yi aka harhaɗa komai. Wallahi ta yi kyau, ja jawur, kujeru sai ƙamshin fata. Ya shiga ya murɗa makulli, ya ji ƙas. Ya sake, ƙas. Ya aika aka kirawo bakanike. Bakanike ya buɗe inji ya tarar tsatsa ta ci cikinsa, ƙarfe ya kama ƙarfe ya cije. Ba inda mai kushin bai nemi wani injin ba, daga Kano har Ikko, ba a samu irinsa ba. Shi kuma ba mai iya jira ba ne, sai ya sa aka ɗora mata injin wata tsohuwar tasi, ya aika wa likita cewa yana tafe.

Tsoho ya sha babbar riga, ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida, ya kasa kunne. Mota ta shawo kwana tana ƙara kamar injin markaɗe, ta tsaya a gabansa, bai ko motsa ba, yana jiran tasa. Sai da mai kushin ya kama hannunsa ya ɗora a kan kujera. Tsoho ya shafa fatar a hankali, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ce, "Kujera ta yi kyau, ɗana. To ina motar?" Kunya da baƙin ciki suka rufe mai kushin, don shi ma gurnanin nan ne abin da ya yi ta nema tun yana yaro, kuma da hannunsa ya kashe shi.

Saboda haka, Malam Isiyaku, ƙyale fenti, je ka tayar da injin ka saurare shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira akan rasa ido.