Zoben Sharhi

Tun da aka kafa dokar zobe, mai sharhin waƙa ba ya rubuta komai sai da zoben hukuma a yatsarsa. In waƙa ta shige ka ya yi kore, in ba ta shige ka ba ya yi ja, kuma a buga launin a gefen sharhinka.

Ranar Talata edita ya miƙo min sabon faifan Zulai Ɗorayi, zaɓaɓɓun waƙoƙinta goma sha biyu. Ni da Zulai tare muka yi amshi a situdiyo ɗaya shekara ashirin da suka wuce, ita ce ma take shaƙewa in an ja murya.

"Anti Kande, ki sassauta mata," in ji edita.

"In sassauta me? Inji ne yake mata waƙar."

Na sa zoben, na kunna faifan, na rubuta cewa waƙar farko ihu ce kawai. Zobe ya yi kore. Na wanke hannu da ruwan sanyi, na ce ta biyu tsohon yayi ce. Kore shar. Har ta takwas ƙafata tana bin kiɗa a ƙarƙashin tebur, ina danne ta da ɗayar.

Ta tara nake jira, don muryata ce a amshinta, ko da yake ba a sa sunana ba. Na gyara zama, na ji kaina na shigo.

Zoben ya yi ja.

Da faifan ya ƙare edita ya leƙo allona. "Sha ɗaya kore! Zulai za ta ji daɗi. Wannan ɗayar fa, me ya ɓata ta?"

Na cire zoben na ajiye.

"'Yar amshin," na ce.