Shafin da Matacce Ya Wallafa

Injiniya mai kula da kwamfutocin jami'a ba ta gama ajiye jakarta ba wayar ofis ta fara ruri. Kafin ta ɗauka, idonta ya riga ya sauka kan kwamfuta. Wani sabon shafi ya ɓullo a cikin shafukan jami'a, ƙarƙashin sashen kimiyya. Hotuna shida ne na tukwanen gas masu tsatsa, an jibge su a wani sito da ya haɗa bango da ɗakin kwanan ɗalibai mata. A ƙasa an rubuta jimla ɗaya tak: "A nan 'ya'yanku suke kwana."

Ta san hotunan. Ƙanenta, autan gidansu, shi ke kula da ɗakin gwaje-gwajen sashen, kuma shi ya ɗauke su. Sau uku yana haɗa su da takardar koke yana aikawa ofisoshin manya, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Magatakardan jami'a ne a waya, dattijon da ya tsara kundin dokokin amfani da kwamfuta da hannunsa. Ma'aikata kan ce ko uwarsa ce ta taka doka sai ya miƙa mata takardar gargaɗi, sannan ya durƙusa ya gaishe ta.

"Shugaban jami'a na son sunan wanda ya wallafa kafin ƙarfe huɗu," ya ce. "Kin san sashe na tara. Wanda ya wallafa shafi ba izini, kora ce."

"To, ranka ya daɗe. Bari in fara sauke shafin."

"Kul! Sashe na sha biyu. Ba a taɓa shaida sai an gama bincike."

Ta rufe ƙofa, ta buɗe rajistar da ke nuna duk wanda ya shiga shafukan jami'a da wanda ya fita. Tana jan layukan tana addu'ar kada ta ga sunan da take tsoro. Wanda ta gani ya sa ta janye hannu. Asusun wani farfesa ne na sashen, wanda aka binne tun bara. Ita da kanta ta cike takardar rufe asusun mako guda bayan rasuwarsa, har yau tana jiran sa hannun Magatakarda.

Matacce ba ya buɗe kwamfuta. Wani ne ya san kalmar sirrinsa. Auta kuwa shekara tara ya yi yana wa marigayin aiki.

Ta sami Auta a ɗakin gwaje-gwaje yana ɗauraye kwalabe.

"Dube ni. Kai ne?"

"Yaya, wallahi ba ni ba ne. Ina da 'ya'ya uku, ga uwarsu haihuwa yau ko gobe. Ni mahaukaci ne?"

"Wa ka ba hotunan?"

"Waɗanda doka ta ce in ba su."

Ta so ta yarda da shi. Amma wannan yaron ne ya taɓa rantse mata cewa ba shi ya fasa madubin mahaifiyarsu ba, alhali jini na ɗiga a yatsansa.

Zuwa azahar iyaye sun cika bakin ƙofar jami'a. 'Yan kwana-kwana suka iso da mota biyu, suka fara fito da tukwanen ɗaya bayan ɗaya, suna lallaɓa su kamar ƙwai. Daga ofishin Shugaba saƙo ya zo cewa an riga an san mai hotunan, hujja kawai ake jira.

Abu ɗaya ya rage a rajistar, lambar soket ɗin bangon da aka jona kwamfutar da ta yi aikin: 4-117. Taswirar lambobin ta daina aiki tun da aka yi wa gine-ginen garambawul. Danna maɓalli biyu ya isa ta goge layin, amma gogewar ma tana barin sawu, sai a kore su su biyu, ita da Auta. Ta tattare zanenta ta bi ginin kimiyya ɗaki-ɗaki, tana durƙuso bayan tebura tana karanta lambobi. Na ofishin Auta ta bari a ƙarshe. Da ta leƙa, 2-063. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta sauke numfashi. Sai dai wanke shi a wurinta daban, wanke shi a wurin Shugaba daban.

Huɗu saura minti goma ta shiga ofishin Magatakarda, gwiwoyinta duk ƙura. Yana tsaye bakin taga, yana kallon motar kwana-kwana ta ƙarshe tana fita.

"Suna?"

"Babu, ranka ya daɗe. Lamba kawai na samu, ban gano ɗakin ba. Amma ƙanena…"

"Wa ya tambaye ki ƙanenki?" Ya zauna ya turo mata takarda. "Sashe na ashirin. In ba a gano na'urar ba, ba a tuhumar kowa, ko da Shugaba ne ke so. Rubuta 'ba a gano ba', ki sa hannu, ki je ki sauke shafin."

Hawaye suka cika mata ido. Ta kai hannu ta ɗauki biro, ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin teburinsa. Ta sunkuya ɗaukowa, sai idonta ya bi wayar da ta fito daga kwamfutar dattijon ta shige bango, a ƙasan wata 'yar takarda da ta koɗe mai ɗauke da lamba 4-117.