Na Ciki ko Na Waje

Ranar kasuwar Minjibir ce, Dogo mai tura fina-finai yana fama da wayoyin mutane, sai ga wani mutum da tsohuwar kwamfuta a cikin buhun taki. Ya yi sallama, ya ce ma'ajiyarta ce ta cika, an ce masa ya sayi had-dis, amma bai san wanne ya fi ba, na ciki ko na waje.

Dogo ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki. A ganinsa duk wanda ya zo da buhu, kansa ma buhu ne. Ya bar shi tsaye a rana har ya sallami kowa.

Mutumin bai damu ba. Ya tsaya yana kallon sabon fim ɗin da ke tafiya a allon shagon, leɓensa na motsi tare da na 'yan wasan. Tafin hannunsa sumul, babu kantar fartanya.

Da Dogo ya ga dama, ya yi masa bayani kamar mai koya wa jaki karatu. Na ciki ya fi sauri, kuma ba ya faɗuwa ƙasa. Amma wawa ne kaɗai ke zuba dukiyarsa a ciki, don ranar da hukuma ta ɗauke kwamfuta, shi ke nan.

"To kai, Malam, wanne kake amfani da shi?"

Dogo ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce sau nawa aka zo aka bincike kwamfutarsa, aka koma da kunya. Wannan fim ɗin ma ko fitowa bai yi ba, amma ya riga ya cika ƙauyukan nan da shi, masu shi suna can birni suna ta hamma.

Mutumin ya ce shi fa bai taɓa ganin na wajen ba, ko yaya kamarsa take?

"Kai dai baƙauye ne," in ji Dogo. Ya tura hannu cikin kwandon gyaɗa da ke ƙarƙashin benci, ya zaro ɗan baƙin akwati, ya ɗora masa a hannu.

Mutumin ya riƙe gam, ya yafito wasu maza biyu da ke shan rake a gindin darbejiya. Suka taso, ankwa na leƙowa daga aljihun ɗayansu.

Mai buhun nan sunansa Hashimu, shi ne ya sayar da gonar gadonsa ya shirya fim ɗin.