Mai Kilishi da Haƙoran Dashe

Tunda ka ce kai dai a ba ka maganin kurkure baki, zancen suga kuma a ajiye shi gefe, to gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mahauci mai kilishi da ya shekara shida bai tauna abin da yake sayarwa ba. Turamen haƙoransa biyu na ƙasa sun zube, sauran kuma ba ƙarfi. Shi zai yanka, ya shanya, ya shafe da tunkuza da kayan yaji, ya gasa, amma sai dai ya tsotsi yajin ya tofar da naman. Abin yana ci masa rai. Da ya ji ana dasa haƙori a birni, sai ya shirya ya tafi. Likitar da ta duba shi ta auna jininsa, ta ce ba za ta taɓa shi ba sai sugansa ya sauka. Gogan ya daure wata uku cur: shayi ba suga, ƙwaya a kan lokaci, tuwo rabin malmala. Sannan aka kafa masa ƙusoshi biyu a ƙashin muƙamuƙi, da suka kama aka ɗora haƙora a kai. Ranar sallama likitar ta ce, "Alhaji, ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke riƙe da shi nama ne. Ka riƙe suganka, ka kuma dawo in duba."

Ranar da ya fara tauna kilishinsa, duk layin mahauta sai da suka sani. Daga nan kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa buƙata ta biya, wahala ta ƙare. Zafin wuta ya dame shi, ya kora lemon kwalba. Da hantsi shayi mai kauri, da azahar fura sai ta ji suga. Ƙwayoyin maganin suna aljihun tsohuwar riga, har suka dagargaje a wanki. Su haƙoran kuwa, ba amaryar da ta ga gatan da suka gani: asuwaki sau biyar, buroshi safe da yamma, ga ɗan madubi a aljihu. Sai bakinsa ya fara bushewa. Ya tofar da yawu ya ga jini, ya ce buroshin ne mai kaushi, ya sake wani. Dasashin ya kumbura ya yi jawur, ya ce yaji ne. Masu saye suka fara ja da baya in yana magana. Ya bi ruwan gishiri, ya bi kanumfari, ya bi bagaruwa, duk abin da aka ce masa yana kashe ƙwayar cuta sai da ya kurkure baki da shi. Matarsa ta gaji ta ce, "Malam, yaushe rabonka da awon suga?" Ya daka mata tsawa: "Ina ruwan baki da jini? Ciwon a baki yake!" Da yake ƙarfe ba ya zogi, bai tashi komawa asibiti ba sai da haƙori ɗaya ya fara girgiɗi yana fitar da mugunya.

Ya shiga da faɗa, wai an saka masa ƙarfe mai datti. Likitar ta auna jininsa, ta ɗauki hoton ƙashin, ta ajiye masa a gaba. Ƙashin da ke kewaye da ƙusar ya zaizaye ya zama rami. Ta ce, "Ƙwayoyin cutar nan da kake yaƙi da su, kowa yana da su a baki, har ni. Kai ne ka zuba musu suga a yawu suka hayayyafa, sugan kuma ya kashe wa jininka ƙarfin korarsu, ya hana dasashin warkewa." A ranar aka cire ƙusa ɗaya, ta biyun kuma aka ce sai abin da hali ya yi. Ya miƙe da auduga a baki, har ya kai ƙofa, sai ya juyo ya tambaya ko akwai wani maganin kurkure baki da ya fi na da ƙarfi. Likitar ta ajiye biro, ta dafe kai.

To, ka ji. Kada ka ɓata ƙarfinka wajen zagin ƙwayar cuta, tun da can tana nan tana jira. Gaskiyar masu iya magana da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.