Kartar da Baba Bai Duba Ba

Tsohon ya tura ƙwallayen dabinonsa duka tsakiyar tabarma. "Yalla, ka biyo ni ko ka ajiye."

Ɗansa ya dubi sarakuna biyun da ke hannunsa. Kartar foka suke yi bayan La'asar, babu kuɗi, sai sharaɗi: in ya ci, Baba zai bar tsohon gidansa na unguwar Misfala a Makka ya dawo wajensa a unguwar Kudai. Baban ne ya koya masa cewa a wasan mutum biyu ba a jiran karta mai kyau, matsa wa abokin wasa ake yi har ya tsorata. Yau kuwa tsohon bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ɗan ya ajiye kartarsa.

Da ya buɗe kartar mahaifinsa, biyu ce da bakwai.

"Baba! Da wannan tarkacen ka kore ni?"

"Me na samu?"

Dariyar ɗan ta tsaya cak.

"Tun bayan Hajji idon ya tafi," in ji tsohon. "Numfashinka nake saurare."

Ɗan ya kaɗa hannu a gaban fuskar mahaifinsa. Tsohon ko ƙiftawa bai yi ba.