Ina Kan Ilu Yake?

Tun da ƙwayar cutar jini ta fara sauya kama duk shekara, hukuma ta kafa doka: wanda sabon iri ya kashe, ba a yi masa wanka. A asibiti ake rufe shi cikin farin akwati, a liƙe.

Ni na wanke mahaifinmu, ni na wanke yayyena. Ƙanena Ilu ma na yi masa alkawari. Ƙaya ce kawai ta soke shi a gona, kafin Juma'a ta zagayo jininsa ya ɓaci, ya rasu.

Da hantsi na je karɓo shi. Wata ma'aikaciya ta turo akwatin.

"Baba, irin bana ne, ba a samo maganinsa ba tukuna. Kada a buɗe."

"Na ji. Ina kansa yake?"

Ta duba wannan gefe, ta duba wancan. Duk ɗaya ne.

"Wallahi Baba, inji ne ke rufewa."

"Injin ya san alƙibla?"

Ta sunkuyar da kai.

A maƙabarta Liman ya ce a sa shi haka nan, Allah ya san bawansa. Ban musa ba. Amma na durƙusa, na ɗaga gefe ɗaya na akwatin, na ɗaga ɗayan. Na sha goya shi yana yaro, na ce ai zan gane nauyin kansa.

Ban gane ba.

Muka rufe shi. Na yi masa addu'a a wannan ƙarshen kabarin, sannan na zagaya na sake yi a wancan.