Inshorar Gobarar Doña Eulalia

Don girman Allah, duk wanda ya karanta wannan kar ya faɗi sunana. Unguwarmu ƙarama ce, kuma akwai sana'ar da ba a so 'yan sanda su ji labarinta. Sunayen ma na canja, amma dai ku rufa mini asiri.

Sati uku ke nan Nicanor yana yawo da jakar kamfanin inshora bai sayar wa kowa komai ba. Da direban bas ne, ciwon baya ya sauke shi. Ranar Juma'ar nan da safe ogansa ya ce masa, ko ya kawo takarda ɗaya mai sa hannu kafin ƙarfe biyar, ko ya ajiye jakar ya kama gabansa.

Mai wanki ta kore shi. Mai gyaran takalmi ya nuna masa hoton waliyyin da ke bango, ya ce ga inshorarsa nan, kyandir ɗaya take ci a sati.

Rana ta take tsaka sai wata dattijuwa ta ƙwala masa kira daga ƙofar wani gida mai shuɗin fenti. Gajera ce, mai jiki, girarta ɗaya rabi ce kawai.

"Kai, mai jaka! Kai ne ɗan inshorar? Shigo kafin ranar nan ta narkar da kai."

Tsakar gidan cike yake da piñata, tulunan takardar nan da ake cikawa da alewa yara su fasa da sanda a Disamba. Taurari, jakuna, har da wani kada mai jan baki, duk a rataye a igiya suna shan iska. Ya roƙi ruwa. Sai da ta buɗe kabad uku kafin ta samo kofi.

Ya baje takardunsa a tebur. Ya ce iri uku ne, akwai ta sata, akwai ta in mai saye ya ji ciwo a gidan, akwai ta gobara.

"Sata? Wa zai saci jakin takarda, ɗana? Ya ɗora a ka yana gudu gari na kallo?"

"To, Inna, in mai saye ya zame ya faɗi fa?"

"Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ba ni labarin ta wuta."

Ya yi mata bayani. Wai inshorar gida zalla ba ta biyan kayan sana'a, sai an rubuta sana'ar da yawan kayan. Ya tambaye ta piñata nawa ne. Ta waiga ta kalli igiyoyin, ta ce ya rubuta da yawa. Shi ya tashi da ciwon bayansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa.

Sai suka zo kan tambayar ƙarshe, ko akwai wani haɗari a kusa da gidan. Ta turo baki wajen katanga, ta rage murya.

"Akwai wata tsohuwar banza a nan. Kayan wasan wuta take haɗawa a ɓoye, irin na bikin coci. Albarushi a gwangwanin madara, dab da murhu. Ga taba ba ta barin bakinta. Likita ya hana, 'ya'yanta sun hana, fadan coci ya hana. Kunnen ƙashi!"

"Kin yi mata magana kuwa?"

"Kullum safiya sai na yi mata. Ba ta ji."

Nan fa Nicanor ya shiga lissafi. In ya rubuta, kuɗin zai kusa ninkawa, ta ce ta fasa, shi kuma jaka ta tafi. In bai rubuta ba, ranar da wuta ta tashi kamfani zai ce an yi masa ƙarya, ko peso ɗaya ba za a ba ta ba. Ya juya biro, ya sake juyawa. Ƙarshe dai ya faɗa mata gaskiya, ya faɗi sabon farashin yana kallon ƙasa.

Ko gezau ba ta yi ba.

"Rubuta akwai kayan da ke kama wuta a maƙwabta. Iyakar nan, ba sai ka yi wa'azi ba."

Ta zaro ƙullin ƙyalle daga riga, ta biya na shekara guda cif. Yatsunta baƙi ƙirin har cikin farce. Ta ce ya sa suna Eulalia Tecuapetla. Da ya miƙo biro kuma sai ta ce tabaraunta ba ya kusa, ya bar takardar ya dawo ƙarfe huɗu.

Awa uku ya yi a bencin dandali, ko tamale, dafaffen ƙullin masaran nan, ya kasa ci.

Ƙarfe huɗu ya buga ƙofar. Wata doguwar mata siririya ce ta buɗe, ɗaurin takardun kala na kasuwa yana hammatarta ko ajiyewa ba ta yi ba, takardarsa kuma a ɗaya hannun.

"Ni ce Eulalia. Kai ne ka shigo mini gida ba na nan?"

Ya dinga rantsuwa, yana nuna agogo, yana nuna inda aka buga an biya. Ta karanta a hankali har sau biyu, ta kalli piñata ɗinta, aikin wata huɗu. Sannan ta karɓi biro ta sa hannu. Nicanor ya rungume takardar kamar jariri.

"Amma tsaya, bawan Allah," in ji ta. "Wa ya biya?"

Wayyo, ana taɓa mini ƙofa, bari in ƙarasa muku labarin da sauri.

Ya buɗe baki zai kwatanta ta ke nan sai ya ji tari daga sama, ya ɗaga kai. Can kan rufin gidan da ke bayan katanga, ga dattijuwar ɗazu tana shanya kayan wasan wuta a rana, taba a bakinta, tana kashe masa ido wai ya yi shiru.